Idan Wutar Janareta Ta Fara Hawa Da Sauka: Yadda Za A Gano Matsalar, A Kuma Tsare Lafiyar Gida Da Shago

Duk wanda ya yi bazara a Wagadugu ya san abin da watannin Maris, Afrilu da Mayu ke zuwa da shi. Zafi kan haura digiri 40, kowane gida na neman fanka da ruwan sanyi, wutar da kamfanin SONABEL ke rarrabawa kuma ta kasa isar kowa, sai a koma ɗauke ta unguwa-unguwa. Ƙasar tana samun lantarki daga injinan mai irin na Kossodo da Komsilga, da madatsun ruwa na Bagre da Kompienga, da tashar hasken rana ta Zagtuli da aka buɗe a 2017, da layukan da ke shigowa daga Kodebuwa da Gana. Duk da haka, buƙatar bazara takan fi ƙarfin abin da ake da shi.

A Zongo, inda akwai gidajen da layin kamfani bai ma kai gare su ba, janareta ne madogara. Mutanen Wagadugu da Yamai suna ce masa gurup, mutanen Kano da Katsina kuma inji ko janareta. Da shi mai ƙanƙara da zoɓo ke tsare jarinta, da shi tela ke cika alkawarin ɗinkin salla, da shi mai aski da mai cajin waya ke ciyar da iyali. A wani gidan kuma, firjin da janaretan ke riƙe da shi yana ɗauke da allurar insulin ta dattijon da ke fama da ciwon suga.

Ranar da fitila ta fara lumshewa, fanka ta rage gudu, firji ya shiga ƙara yana yankewa, mai kaya yakan ruɗe. Cikin gaggawa sai ya aikata ɗayan abubuwa uku: ya jawo injin cikin shago ko zaure don wayar ta gajarta, ko ya zura hannu cikin injin yana aiki, ko ya ɗaure fis ɗin da ya ƙone da guntuwar waya. Kowanne daga cikin ukun yana iya kashe mutum. Wannan takarda za ta nuna yadda ake bin matsalar daki-daki, da abin da mai injin zai iya yi da kansa, da inda ya wajaba ya tsaya ya kira makaniki.

Mene ne ƙarfin wuta?

Lantarki a cikin waya kamar ruwa ne a cikin bututun famfo. Matsin da ke tura ruwan shi ne ƙarfin wuta, wanda masu gyara ke kira tansiyo, ana auna shi da bolt. Yawan abin da ke gudana ana auna shi da amfiya. Aikin da wutar ke yi kuma ana auna shi da wat.

A Burkina Faso da Nijar da Nijeriya da Gana, kayan wuta na gida an ƙera su ne don bolt 220 zuwa 230, kuma wutar tana jujjuyawa sau 50 a kowace daƙiƙa; shi ne abin da ake rubutawa 50 Hz a jikin kaya. Ƙaramin janareta na fetur yana ba da wannan ne idan yana juyawa sau 3,000 a minti ɗaya, yawancin manyan injinan gas kuma sau 1,500. Da gudun injin ya ragu, wuta ta ragu; da ya ƙaru, ta hau.

Kayan wuta suna jure ɗan bambanci, kimanin kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa. A sauƙaƙe, idan ma'auni ya nuna ƙasa da bolt 200 ko sama da 250, a kashe kaya tukuna, sannan a nemi dalili. Ƙaramin ma'aunin wuta da ake soka wa a soket, mai nuna lamba, ana samun sa a shagunan kayan lantarki, kuma kuɗinsa bai kai na gyaran firji sau ɗaya ba.

Jama'a sun fi tsoron wuta mai yawa, domin ita ke fasa ƙwan fitila, ta ƙone caja da talabijin nan take. Amma wuta mai rauni ita ma tana ɓarna a ɓoye. Motar firji idan ba ta sami isasshen ƙarfi ba, sai ta ja amfiya fiye da ƙa'ida, ta yi zafi, ta kasa tashi. Wannan ƙarar "ƙyas" da ake ji bayan kowane ɗan lokaci alama ce ta firji yana ƙoƙarin tashi yana kasawa. Fitilar cikinsa na iya kasancewa a kunne, alhali abin da ke ciki yana ɗumama.

Na'urori biyu da ake rikitawa

Akwai abubuwa biyu da ake kira mai daidaita wuta, kuma aikinsu daban ne.

Na farko yana cikin janaretan kansa. A injina da yawa wata 'yar na'ura ce da makanikai ke kira AVR, tana lura da wutar da ke fita, ta ƙara ko ta rage ƙarfin maganaɗisun da ke juyawa a ciki. Wutar tana isa ga wannan maganaɗisu ta wasu 'yan guntayen gawayi biyu masu goga, waɗanda ke cinyewa da daɗewa. Wasu ƙananan injinan ba su da AVR, kwandansa ce ke yin aikin.

Na biyu shi ne akwatin da ake ajewa kusa da firji ko talabijin, wanda ake kira regilato ko sitabilaiza. Wannan akwati ba ya haifar da wuta. Idan ya ɗaga bolt, to yana jan ƙarin amfiya ne daga inda wutar ta fito. Saboda haka in janareta ya riga ya gaji da kaya, akwatin ƙara masa nauyi zai yi. Lambar da aka rubuta a jikinsa ma, kamar 1000 VA, ba ya iya cika ta idan wutar da ke shigo masa ta yi ƙasa ƙwarai. Shi ya sa ake so a sayi wanda ya ninka buƙatar kayan da zai riƙe. A zaɓi mai maɓallin jinkiri, wanda ke dakatar da firji minti 3 zuwa 5 bayan wuta ta dawo, domin mota ta huta kafin ta sake tashi. A aje shi inda iska ke ratsawa, kada a lulluɓe shi da zane, kada a ɗora shi kan kwali.

Bincike daki-daki

A fara da abin da ya fi sauƙi. Sau da yawa laifin ba na AVR ba ne, ko da yake ita ake fara zargi.

Mataki na farko: kaya. A cire duk abin da aka jona, a auna wutar a soket ɗin janaretan. Idan ta nuna daidai, amma ta faɗi da zarar an mayar da kaya, to nauyi ya yi yawa ko injin ya raunana. Injin da aka rubuta wa 2.5 kVA yakan ba da kimanin wat 2,000 ne, kuma bai kamata a ɗora masa fiye da kashi uku cikin huɗu na wannan ba na tsawon lokaci, balle a tsakiyar zafin Afrilu. Ƙwan fitila na zamani yana cin kimanin wat 10, fanka 50 zuwa 75, amma dutsen guga da abin dafa ruwa kowanne yana kai wat 1,000 ko fiye. Firji kuma a lokacin tashi yana jan ninki uku ko fiye na abin da yake ci yana tafiya.

Mataki na biyu: kunne. A saurari injin. Idan ƙararsa tana hawa tana sauka, fitila kuma tana bin ƙarar, matsalar mai ce ko iska. Fetur ɗin da ya daɗe a tanki, ko na kwalba da ruwa ko ƙasa suka shiga, yana toshe kafireta. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. A kashe injin, a bari ya huce, a wanke matatar, a duba fulogi da baƙin mai, a zuba fetur mai tsabta.

Mataki na uku: waya. Idan wutar daidai take a bakin janareta, amma ta yi ƙasa a cikin shago, to a hanya ta zube. Wayar tagulla mai kaurin milimita 1.5, idan tsawonta ya kai mita 50 tana ɗauke da amfiya 10, takan zubar da kusan bolt 12. Mai rabin wannan kauri tana zubar da ninki biyu, kuma abin da ya zube zafi yake zama a jikin wayar. Araha ba ta ado: siririyar waya mai ƙarancin tagulla tana cin firji, tana kuma jawo gobara. Maganin shi ne waya mai kauri, milimita 2.5 ko fiye, a warware ta gaba ɗaya daga naɗinta, a kawar da duk haɗin da aka yi da leda. Soket da ya yi baƙi ko yake warin ƙuna a canza shi.

Mataki na huɗu: makunnin kariya. Idan babu wuta sam, a duba ko makunnin da ke jikin janaretan ya faɗi. In an tayar da shi ya sake faɗuwa, yana gaya maka akwai waya da ta haɗu ko kaya ya yi yawa. Kada a danne shi, kada a maye fis da waya. Fis mai gadi ne. Wanda ya ɗaure mai gadinsa ya buɗe wa wuta ƙofa.

A nan aikin mai injin ya ƙare. Abin da ya rage na makaniki ne, amma yana da kyau a san shi don a iya yi masa bayani:

- Injin yana tafiya lafiya, wuta kuma 'yar kaɗan ce ko babu, ko da ba a ɗora kaya ba: gawayin ya cinye, ko kwandansa ta mutu, ko AVR ta lalace, ko maganaɗisun ya saki saboda injin ya daɗe a aje.
- Fitila tana ƙyaftawa alhali ƙarar injin ba ta canza ba: wata waya ta saki a ciki, ko gawayin ba ya gogawa daidai.
- Wuta ta haura 250: injin yana gudu fiye da ƙa'ida, ko AVR ta lalace. A kashe nan take.

Makaniki na gari yana fara daidaita gudun injin ya kai 50 Hz kafin ya taɓa AVR. Ƙara wa inji gudu don a rufe raunin wuta dabara ce mai ƙone kaya. A sani kuma, kwandansa tana riƙe wuta a cikinta ko bayan an kashe injin, tana iya girgiza wanda ya taɓa ta.

Wajen kunnawa, a bar injin ya yi minti biyu ko uku ba kaya, sannan a jona mafi nauyi, sauran su biyo ɗaya bayan ɗaya. Wajen kashewa, a cire kaya tukuna. Kada a bar mai ya ƙare alhali kaya na jone.

Inda shaguna ke raba inji ɗaya

A kasuwa akan sami babban inji ɗaya mai layi uku yana ba shaguna da yawa. Idan aka ga fitilun wani layi sun yi haske fiye da kima, na wani layi kuma sun dushe a lokaci guda, to wayar komawa da layukan uku ke tarayya a kanta ta saki ko ta tsinke. A irin wannan hali wutar wani shago tana iya doshin bolt 400. Kowa ya cire kayansa, a kashe injin, a kira mai gyara.

Haka nan, kada a taɓa soka wayar janareta a soket ɗin bango don ta ba gida wuta. Wutar tana komawa kan layin SONABEL, tana iya kashe ma'aikacin da ke gyara a kan turke yana zaton layin a mace yake, in wutar kamfani ta dawo kuma ta ƙone injin. A sa ƙwararre ya ɗaura makunnin sauya layi, wanda ke raba wutar kamfani da ta janareta.

Hayaƙin da ba a gani

Mafi munin haɗarin janareta yana cikin hayaƙinsa. Akwai wata iska mai guba a ciki, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 ko fiye, sai jiki ya shaƙe alhali mutum yana numfashi. Mai barci yakan wuce ba tare da ya farka ba.

Tsoron ɓarayi, ko ruwan sama, ko gajeriyar waya, su ke sa a shigar da inji ɗaki, ko zaure, ko cikin shago a ja ƙofa. Buɗe taga ba ya isa. A aje injin a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin hayaƙin yana kallon nesa da ɗakuna, naka da na maƙwabta. In ana tsoron sata, a yi masa kejin ƙarfe mai rufin kwano, buɗaɗɗe ta kowane gefe, a sa sarƙa da kwaɗo.

Alamomin gubar su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, amai, kasala da ruɗewa. Suna kama da na zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ake yaudaruwa. Abin lura shi ne mutane da yawa a ɗaki ɗaya su kamu lokaci guda, yawanci ba zafin jiki, kuma su ji sauƙi in sun fita waje. Jarirai, masu juna biyu, tsofaffi, masu ciwon zuciya da masu amosanin jini sun fi saurin galabaita. A fitar da kowa fili, a kashe injin, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18, a kai su asibiti mafi kusa ko babban asibitin Yalgado Ouédraogo, a kuma gaya wa likita cewa janareta na aiki a wurin. Madara ko manja ba sa fitar da wannan guba. Iskar oksijin ta asibiti ce maganinta. Wanda ya suma kada a ɗura masa komai a baki.

Girgizar lantarki da gobara

Kada a taɓa inji da jiƙaƙƙen hannu, ko ana tsaye cikin ruwa ba takalmi. Idan wuta ta kama mutum, kada a cafke shi da hannu. A kashe injin ko a zare wayar. In ba hali, a ture shi da busasshiyar sanda. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti har taimako ya iso. Ko ya miƙe garau a kai shi asibiti, domin lantarki yana iya rikita bugun zuciya, yana kuma ƙona tsoka daga ciki.

'Yan kasuwar Wagadugu ba su manta da gobarar babbar kasuwar Rood Woko ta Mayun 2003 ba, wadda ta sa kasuwar ta zauna a rufe har 2009. Sun san abin da wuta ke yi wa jarin shekaru cikin sa'o'i kaɗan. Kada a zuba fetur injin yana aiki ko yana da zafi. A kashe shi, a jira ya huce. A aje jarkar mai nesa da inji da murhu da hannun yara. A tanadi bokitin yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda. Ba a zuba ruwa a wutar fetur ko ta lantarki.

Magani da abinci a cikin firji

Insulin da ba a buɗe ba ana aje ta tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kada a sa ta a ɓangaren ƙanƙara, domin in ta daskare ta lalace ko da ta narke daga baya. Kwalbar da aka fara amfani da ita takan yi kimanin mako 4 a wuri mai sanyi da inuwa, gwargwadon abin da takardar maganin ta ce. A aje ƙaramin ma'aunin zafi cikin firji, domin shi zai faɗi gaskiyar abin da wutar ta yi da dare. Idan insulin ta canza launi ko ta yi gudaji, ko suga ya ƙi sauka ba dalili, a kai ta wurin likita ko mai kantin magani.

Inda wuta ba ta da tabbas, tukunyar ƙasa tana taimakawa. Ana sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a aje a inuwa inda iska ke kaɗawa. Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a jihar Jigawa, ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ba ta kai sanyin firji ba, amma tana rage zafi sosai a busasshen yanayi irin namu. A sa maganin cikin gwangwani mai murfi don kada ruwa ya taɓa shi.

Firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kimanin awa 4 bayan wuta ta yanke, a bazara ma ƙasa da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa ƙwayoyin cuta suna saurin hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 zuwa 60, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a aje a zafin ɗaki. Kifi, nama, kindirmo da yogot da suka ɗumama na tsawon sa'o'i ba sa komawa lafiyayyu don an sake daskarar da su, kuma wari ba kullum yake tona su ba. Zubar da su asara ce mai ciwo, amma gudawa da amai ga ɗan maƙwabci sun fi ta ciwo, kuma amanar mai saye ita ce jarin ɗan kasuwa.

Abin da za a yi a wannan mako

A auna nisan janareta daga ƙofa da taga. A lissafa wat ɗin kayan da ke kansa, a rubuta a manna a bango. A duba wayoyi da soket, a canza duk abin da ya yi baƙi. A sayi ma'aunin wuta da ma'aunin zafin firji. A rubuta lamba 18 inda kowa zai gani, a koya wa matan gida da yaran shago yadda ake kashe injin. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba, a masallaci, a majalisa da taron 'yan kasuwa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.